Lambar da ke Kan Katin Hajiya

Alhamis ita ce ranar kiran waya a sashenmu na mata. Da zarar an sallami mace ta ƙarshe a layi, sai in ja kujera gaban wayar ofis, in zube katunan matan da sakamakon gwajinsu ya fito amma ba su dawo karɓa ba. Shekara huɗu ke nan ina wannan aikin, domin Babbar Sista, shugabar sashen, ta ce Allah ya ba ni baki. Ba ta yi ƙarya ba. Na iya lallashi, na iya faɗa, kuma na san wadda ake yi wa kowanne.

Ranar katuna tara ne. Na kira takwas, na bar guda ina ta juya shi a hannu har shayina ya huce.

Katin Hajiya ne, mahaifiyar mutumin da zan aura. Ko in ce wanda da zan aura, tun da sati shida ke nan da ta rantse muddin tana numfashi ɗanta ba zai kawo mata ni gida ba.

Na yi bisimilla na danna lambar da ke kan katin. Sau biyu ta yi ƙara aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

Muryar ɗanta ce. Ko daga barci aka tashe ni na san muryar Mai Sanyi, muryar nan da ba ta gaggawa, kamar mai ita bai taɓa makara ba a rayuwarsa. Sunan da kowa ke kiransa ke nan, saboda gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ce sana'arsa, halinsa kuma ya bi sunan.

"Ina ji, wa ke magana?"

Na kife wayar.

Kuskuren iyayenmu mata ne da na sani sarai. In aka ce su ba da lamba a wajen yankar kati, wadda suka haddace suke bayarwa, kuma ta babban ɗa ce kullum. Ni kuma tawa wautar, shekara biyu ina kiran mutum ban taɓa kallon lambarsa ba, suna kawai nake dannawa.

Dokar aikinmu kuwa ɗaya ce, ba ta da kwana. Sakamakon mace nata ne. Ba a gaya wa miji, ba a gaya wa ɗa, balle saurayin ma'aikaciya.

*

Wata biyu baya ta zo, ita kaɗai, ta ja mayafi har goshi. A lokacin ban san ko wace ce ba. Dattijuwa ce mai tsafta, shekara hamsin da shida, haihuwa tara, mijinta ya rasu. Sai da na rufe ƙofa na saki labule sannan ta yi magana, ita ma ƙasa-ƙasa.

Shekara bakwai da ɗaukewar al'adarta, sai ga jini ya dawo. Wata biyar yana zuwa yana tafiya, ga wani ruwa mai wari da ya sa ta daina zama kusa da mutane, ga ciwon baya. Ta sha ƙwayoyin kemis iri-iri, an ce mata sanyi ne.

Ni na shirya ta a kan gadon dubawa. Ni na riƙe fitila, na kuma riƙe hannunta lokacin da likita ta ɗan gutsuri nama don a kai ɗakin gwaji. Ta matse min yatsu har suka yi tsami. Da ta sauko ta gyara zaninta, ta dube ni ta ce,

"Allah ya yi miki albarka 'yar nan. Allah ya ba ki miji na gari."

Na ce amin har da dariyata.

Bayan sati biyu Mai Sanyi ya kai ni in gaida mahaifiyarsa. Na sha kwalliya, na durƙusa a bakin ƙofar falo, na ɗago kai. Sai muka yi ido huɗu.

Kofin da ke hannunta ta ajiye a hankali. Ta amsa gaisuwata da "lafiya" guda ɗaya, ta ce kanta na ciwo, ta shige ɗaki. Washegari ta kira ɗanta ta ce matan asibiti idonsu a buɗe yake, ba su da kunya, ya nemi wata.

Shi bai san dalili ba. Ni na sani, kuma ba ni da ikon faɗa.

Yanzu ga sakamakon a hannuna. Sankarar bakin mahaifa ce. Sai dai likita ta ce a yadda ta gani ciwon bai bar wurinsa ba tukuna, in aka yi aiki cikin 'yan makonnin nan akwai kyakkyawan zato. A littafin sashenmu da nake cikewa da hannuna, cikin mata goma masu wannan ciwon da ƙyar biyu ke iso mana a irin wannan lokaci. Sauran sai an ɗauko su, jini ya ƙare, ƙafa ta kumbura, fitsari na zuba, mu yi ta kallon juna da likita. Hajiya na cikin biyun nan masu sa'a, kuma ta ƙi dawowa don kada ta gan ni.

Na ɗauki katin na nufi ofishin Babbar Sista, na zayyane mata komai. Ta cire tabarau ta dube ni.

"To ke yanzu ya za ki yi? In tura wata?"

"Adireshin da ke kan katin tsohon gidansu ne, Sista. Kuma in baƙuwar fuska ta yi sallama da kayan asibiti, kafin azahar duk layinsu ya ɗauki labari. Ba za ta ƙara yarda da mu ba. Ni na riƙe hannunta, ni zan je."

"In ta kore ki fa?"

"Sai in koma. An sha kora ta, ba yau farau ba."

Ta mayar da tabaranta tana girgiza kai.

"Bakin nan naki dai. Ki je, likita ta amince ki gaya mata. Amma yaron nan kada ya ji daga gare ki."

*

Da na tashi aiki, a bakin get na sami Mai Sanyi, ya jingina da motarsa mai tsani a sama. Ya rame, rigar aikinsa ta yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ni, amma na dake.

"Sista," ya ce, haka yake kirana in zai tsokane ni, sai dai yau babu tsokana a ciki. "Wata lamba ta kira ni ɗazu aka kashe. Na bi kira, aka ce sashen mata ne. Ke ce?"

"Ka san ba na maganar aiki a waje."

"Ashe maganar aiki ce?"

Na kau da kai. Mutumin nan sanyi gare shi, amma ba wawa ba ne.

"Don Allah ki gaya min abu ɗaya," ya ce. "Me ya haɗa ki da Hajiya? Matar nan ko kazar maƙwabta ba ta kora da tsawa. Ranar da za ki zo, tun safe take shara tana murna. Minti biyu da ganinki ta juye. Kin taɓa saninta ne a wani wuri?"

"Ita ya kamata ka tambaya."

"Na tambaya har na gaji! Kuka take sa min. Ke kuma ki ce in tambaye ta. To ni ina zan sa kaina?"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Idona ya ciko, na mayar da hawayen. Kalma ɗaya ce tsakanina da shi, in na furta ta zai fahimci komai, ya daina ganin laifina, ya ɗauki uwarsa ya kawo ta asibiti. Amma in na yi haka, na tabbatar wa Hajiya abin da take tsoro ke nan, kuma na ci amanar matar da ta yarda ta kwanta a gabana.

"Ka yi haƙuri," na ce. "Ka ba ni kwana uku."

A gida kuma wata sabuwa na tarar. Takalman Kawu a ƙofar falo, ga ƙamshin wani turare da na tsana ya cika tsakar gida. Mai Kemis ya zo ya tafi ke nan. Shekara guda yana zarya, shi da shagunansa uku da motarsa mai ƙyalli, kuma Kawu, wanda shi ne a matsayin mahaifina tun rasuwar Baba, yana ganinsa kamar shi ya haife shi.

"Zauna," in ji Kawu. "Ni ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma gidan da aka ce ba a son ki, me kike jira a ƙofarsa? Ga mutum na bin ki da mutunci, sana'arku ma ɗaya."

"Kawu, sana'armu ba ɗaya ba ce."

"Ba magani yake sayarwa ba?"

"Sayarwa yake yi, shi ya sa. Mace ta zo masa da zubar jini, ya ƙulla mata ƙwayoyi ja da rawaya ya ce sanyi ne, ta dawo wata mai zuwa ya sake ƙulla mata. Sai ciwo ya gama cin ta sannan a kawo mana. Na faɗa masa a gaban idonsa, dariya ya yi ya ce in zo in gyara shagon daga ciki. Ni in aure shi? Kullum sai an raba mu."

Umma da ke gefe ta rufe baki da mayafi, na san dariya take ɓoyewa. Kawu ya murtuke fuska.

"To na ji. Amma ki sani, ba zan zuba ido ana wulaƙanta 'yar ɗan'uwana ba. In watan nan ya ƙare uwar yaron ba ta sauko ba, zan aika a ce musu mun janye."

"Na ji, Kawu."

Bayan ya tafi Umma ta kira ni ɗaki.

"Ke, akwai abin da kika sani game da matar nan ko?"

"Umma..."

"Shi ke nan, riƙe abinki. Na san wadda na haifa."

*

Asabar da hantsi na je gidan Hajiya, lokacin da na tabbatar Mai Sanyi ya fita aiki. Ban sa kayan asibiti ba. Katin na cikin jakata, a cikin ambulan.

A tsakar gida na same ta tana shanya. Na lura da ƙyallayen da ta rataya can baya, a bayan zannuwa, inda mai shigowa ba zai gani ba. Da ta gan ni sai da bokitin ya kusa suɓuce mata.

"Me kika zo yi?"

Na durƙusa.

"Ina kwana, Hajiya. Ba maganar aure ce ta kawo ni ba, aiki ne. Mu shiga ciki, ba maganar tsakar gida ba ce."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta wuce gaba. Ta zauna a bakin gado, ni na zauna a ƙasa. Ban yi kwana-kwana ba, don na san irinta ba sa son a yi musu.

"Sakamakonki ya fito. Ciwon daji ne a bakin mahaifa. Amma Hajiya, kin zo da wuri. Likita ta ce in aka yi aiki aka cire mahaifar yanzu, tana sa ran ki warke da yardar Allah. In aka bar shi wata uku, wata huɗu, ba zan iya yi miki wannan maganar ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta maimaita ta fi sau biyar. Hawaye suka fara zuba, ba ta share ba.

"Ya sani?" ta ce.

"Bai sani ba. Lambarsa kika bayar a kati, na kira na ji muryarsa na kashe."

"Ƙarya kike! Yadda kuke da shi, a ce ba ki faɗa masa ba?"

"Da na faɗa masa, Hajiya, da tun shekaranjiya ya ɗauke ki cak ya sa a mota. Kin fi ni sanin ɗanki."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce,

"Na ji mata na faɗa a layi ranar. Wai ciwon masu yawon banza ne. Ni kuwa Allah ne shaidata, namiji ɗaya na sani a duniya, shi ma yana kabari. Da wane ido zan kalli 'ya'yana?"

"Da idon da kika saba kallon su. Masu faɗar haka ba su san komai ba. Ƙwayar cutar da ke kawo shi ta zama ruwan dare, yawancin ma'aurata sun taɓa haɗuwa da ita ba su sani ba. Jikin wasu ya kore ta, a jikin wasu ta kwanta shekara ashirin sannan ta tashi. Matan da nake rubutawa a littafina iyaye ne irinki, masu haihuwa bakwai, takwas, masu carbi a hannu. Ba a gwada tarbiyya da ciwon nan."

Ta share fuska da gefen zani, ta ɗago ta dube ni, wannan karon kai tsaye.

"To ke fa? Ke kin san abin da ya sa na ƙi ki. Ki gaya min, ta yaya zan zauna a gidan nan, matar ɗana ta kawo min ruwa ta durƙusa, alhali ta ga abin da ko 'ya'yan cikina ba su gani ba? Ta ji warin da nake ɓoye wa kowa? Duk ranar da kuka saɓa da ni, kallo ɗaya za ki yi min in nutse."

Nan ne nawa hawayen suka kusa cin amanata.

"Hajiya, mata talatin nake gani a rana. Wallahi da zarar na wanke hannu na manta. Abu ɗaya na riƙe daga ranar nan, addu'ar da kika yi min. Kika ce Allah ya ba ni miji na gari, na ce amin. Ni ban san ɗanki kike roƙa min ba."

Ta kau da kai da sauri. Na ga leɓenta na motsi, amma zuciyar dattijuwar nan ta riga ta kafe.

"Ba zan iya ba," ta ce. "Na gwada, ba zan iya ba. Gara in zauna a ɗakina, abin da Allah ya rubuta ya same ni."

"A'a, wannan kam ban yarda ba. Ki ƙi ni, hakkinki ne. Amma ki ƙi ranki saboda ni? Ba da ni za a yi wannan ba. Faɗi abin da kike so a yi ki zo asibiti."

Ta gyara zama a bakin gadon.

"Ki fita hanyarsa," ta ce a hankali. "Ki ce masa kin fasa, daga bakinki. In kin yi haka zan je."

Na san za ta faɗa, amma da ta faɗa sai na ji kamar an zare min wani abu a ƙirji. Shekara biyu. Mutumin da ke jira na a bakin get ko ruwa ake yi, wanda bai taɓa cewa in bar aikina ba. Ina son sa, so ba na wasa ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba.

Amma na ga yadda matan da suka makara suke ƙarewa. Na sha juya su a gado, na sha rufe musu ido. Ba zan auri mutum a kan gawar uwarsa ba.

"Na yarda," na ce. "Litinin, ƙarfe takwas. Ki zo da wanda zai zauna da ke, don za a yi gwajin jini da hoto, za a daɗe."

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na miƙe, na yi mata sallama, na fita da ƙafafuna daram. Sai da na sha kwanar layinsu sannan na jingina da wani bango na yi kukana mai isata.

*

Da la'asar na kira shi ya zo ƙofar gidanmu. Ban bari ya kashe mota ba.

"Na janye," na ce. "Ka bi maganar mahaifiyarka."

Ya kashe motar duk da haka, ya fito.

"Kwana uku kika ce in ba ki. Wannan ce amsar?"

"Ita ce."

"Mai Kemis ne?"

"Haba, kai ma ka san ba shi ba ne. Kada ka zage ni."

"To mene ne? Na roƙe ki da girman Allah, ki ba ni dalili ko guda ɗaya. In laifi na yi in ba da haƙuri. In wani abu ne tsakaninki da Hajiya, ki faɗa min, na rantse ba zai fita daga bakina ba."

Hawaye ne a idonsa, namiji guda, a bakin titi. Nawa ma suka zubo, wannan karon ban hana su ba.

"Ko za ka kwana kana roƙo ba zan faɗa ba. Ba don ban yarda da kai ba. Maganar ba tawa ba ce, shi ke nan."

"Kin zaɓi ki rasa ni a kan ki yi magana?"

"Na zaɓa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya shiga mota, ya ja ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba, tsanin da ke sama na ta ƙara.

Lahadi ban fita ko tsakar gida ba. Umma ta leƙo sau biyu, ta ga fuskata, ta ja min ƙofa ta koma.

*

Litinin tun bakwai da rabi ina kan teburina. Na sa hoda ta rufe kumburin ido, na jera katuna, nata a sama. Takwas ta yi, babu ita. Takwas da kwata, babu ita. Na fara lissafin komawa gidan, don wallahi da na koma, ko da tsintsiya za ta bi ni.

Takwas da rabi sai ga ta a bakin ƙofa, mayafin nan har goshi. A bayanta, riƙe da jakarta da flas, Mai Sanyi ne.

Idonsa ja wur, kamar bai runtsa ba. Kallo ɗaya ya yi min, na gane ya sani. Na kalli Hajiya.

"Ni na faɗa masa," ta ce, tana zama a kujerar gaban teburin ba tare da ta dube ni ba. "Ya dawo min shekaranjiya kamar mahaukaci. Wai ya roƙe ki da Allah, ya yi kuka a titi, kin ce gara ki rasa shi da ki buɗe baki. Na kwana ina juya maganar. Jiya na zaunar da shi."

Ta gyara mayafi.

"Shi kuma sakaran, ko a jikinsa abin da nake jin kunya. Faɗa ya hau ni da shi, wai don me na yi wata biyar ina shan ƙwayoyi."

"Ya yi daidai," na ce.

Ta harare ni. Na buɗe katin, na yi fuskar aiki.

"Hajiya, kafin ki shiga akwai gyara. Lambar da ke nan ba taki ba ce. Daga yau za a riƙa kira a kai a kai, ranar aiki, ranar cire zaren ɗinki, ranar dawowa. Wa kike so a riƙa kira?"

Mai Sanyi ya matso.

"A bar tawa mana."

"Kai ka san me?" in ji ta. "In an ce maka jini ya sauka, firji za ka buɗe? Goge tasa. Sa taki."

Na ɗago kai.

"Tawa, Hajiya?"

"Da wata nake magana?"

Na ja layi a kan lambarsa, na rubuta tawa a ƙasa. Sai biron ya tsaya a gurbi na gaba.

"Akwai wurin dangantaka," na ce. "Dole a cike. Me zan rubuta?"

Ta juya tana kallon hoton da ke bango, na matakan wanke hannu, kamar yau ta fara ganin irinsa.

"In Allah ya tashe ni daga aikin nan, ni zan je wajen kawun naki da ƙafata. In kuma bai tashe ni ba, ga shi nan ya ji da kunnensa. Rubuta suruka."

Ni da nake sa wa tsofaffi allura a jijiyar da kowa ya nema ya rasa, sai ga ni na kasa rubuta kalma ɗaya. Na tsaya ina kallon ta, hawaye na ɗiga a kan katin.

"Ki rubuta mana, kin tsaya kina kallona," ta ce. "Rashin kunyar taku ta asibiti ina ta tafi?"

Na rubuta.

Likita ta leƙo ta kira lambar katinta. Hajiya ta miƙe, ta yi taku biyu, sai ta tsaya a bakin labulen. Ba ta waiwayo ba, hannu kawai ta miƙo baya.

Na kama shi, ta matse min yatsu irin matsewar ranar farko, muka shiga tare.